Tsayuwa ga Matan Sojojin da Suka Rasu, Ita Ma Jarumtaka Ce

Godiya ta tabbata ga Allah Mai rayawa Mai kashewa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ku ƴan uwa musulmi, a watan Disamba na 2019 sojojinmu 71 suka kwanta dama a Inates, a Janairun 2020 kuma wasu 89 a Cinagodar. Ƙasa ta yi makoki, aka sassauta tuta. Amma da yawa cikinsu sun bar mata da ƴaƴa, kuma makokin waɗannan ba ya ƙarewa da sadakar arba'in. Ranar da aka naɗe tabarmi, jama'a ta watse, ranar ce nauyi ke sauka a kan mai takaba.

Ku dubi koyarwar Manzon Allah (SAW). Da Ja'afar ɗan Abu Ɗalib ya yi shahada a yaƙin Mu'uta, shekara ta 8 bayan hijira, Annabi da kansa ya taka zuwa gidan matarsa Asma'u ƴar Umaisu, ya rungumi yaranta, ya yi umurni a dafa wa gidan abinci, domin abin da ya same su ya shagaltar da su. Ummu Salama kuwa, wadda mijinta ya rasu da raunin Uhudu, Annabi ya aure ta, ya riƙe marayunta. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa ya daidaita mai ɗawainiya da matar da mijinta ya mutu da mai jihadi saboda Allah. Ashe ladan fagen fama yana nan cikin unguwarmu.

To, mece ce wannan ɗawainiya? Na farko, takaba wata 4 ce da kwana 10, kamar yadda ya zo a suratul Baƙara, mai ciki kuwa sai ta haihu. A wannan lokaci a kai mata hatsi da cefane. Matanmu su riƙa zama da ita, kada a bar ta da kaɗaici, kada kuma a hana ta hawaye, domin shari'a ba ta hana kukan da babu kururuwa ba.

Na biyu, haƙƙin mamaci ba ya fitowa sai da takardu, alhali aure da yawa a masallaci kawai aka ɗaura shi. Mai ilimin boko ya raka waliyyinta ofis, shaidun aure su fito su yi shaida.

Na uku, gado. Suratun Nisa'i ta ba ta tumuni idan akwai ɗa, rubu'i idan babu. Wan mamaci ko ƙanensa da ya danne gida ko gona, wuta yake zuba wa cikinsa. Wanda ya tsaya gaban danginsa ya faɗi wannan gaskiya, shi ne jarumi, domin tsawata wa naka ya fi wuya.

Ina kuma gargaɗi: kada wani ya mai da taimako tarko. Neman aurenta a fili cikin takaba haramun ne. Mai bayarwa ya aika ta hannun iyalinsa.

Kowane masallaci ya san gidajen nan da ke kewayensa, ya wakilta dattawa masu amana su riƙa leƙa su shekara da shekaru, har marayu su kai ƙarfi.

Allah Ya jiƙan mamatanmu, Ya ba iyalansu haƙuri, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Amin.