DANDALIN HAYA: ME YA KAMATA MU SA RAI DA SHI?



'Yan uwa, maganar yau ta ɗan bambanta da wadda muka saba. Wani ma yana iya cewa me ya haɗa Malam da wasan gem? To abin da ya haɗa mu shi ne 'ya'yanmu da ƙannenmu suna ciki tsundum, kuma duk abin da ya shiga zuciyar matashi har ya hana shi barci, ya cancanci a zauna a dube shi da idon basira.

Ɗan ƙanwata ne ya zo gaishe ni wata rana a shekarar 2025. Ko zama bai gama yi ba ya zaro waya, ya ce, "Kawu, ka ga abin da za a fitar?" Sai ya nuna mini sabuwar na'urar wasa ta kamfanin Nintendo na ƙasar Japan, wadda suka sa wa suna Switch 2. A ranar 2 ga Afrilu 2025 suka yi cikakken bayaninta, suka ce za ta shiga kasuwa ranar 5 ga Yuni, a kan dala 449.99 a Amurka. Na ce masa wannan ai kuɗin buhunan shinkafa ne masu yawa. Ya yi dariya ya ce shi ba na'urar ce ta dame shi ba, wani madanni ne guda ɗaya da ke jikinta.

Madannin yana ɗauke da harafin C. Idan ka danna shi, sai ka shiga abin da suke kira GameChat, wato hira da abokan wasa ta intanet. Mutum har 12 za su iya magana a lokaci guda, kowa yana gidansu, wani ma yana wata ƙasa. Idan akwai kyamara, wadda ita daban ake sayenta, har fuskar juna ana gani. Shi yaron nan yana da amini da suka taso tare, wanda ya tafi karatu ƙasar waje. Burinsa ke nan: shi da amininsa su riƙa haɗuwa kowane dare, suna tseren mota suna hira kamar suna zaune a tabarma ɗaya.

Wallahi ban ga laifin wannan buri ba. Kewar aboki halin ɗan Adam ne. Amma na tambaye shi, hirar nan kyauta ce? Ya ce eh, kyauta ce. Na ce har yaushe? Ya sake dubawa, ya ce har 31 ga Maris 2026. Bayan nan fa? Sai wanda ya biya kuɗin zama mamba a tsarin Nintendo Switch Online. Kuma shi kansa yin wasa da wasu ta intanet, a yawancin wasanni, sai da wannan biyan tun daga ranar farko.

A nan ne tambayar ta tsaya mini a rai, ita ce kuma nake so mu tattauna. Mutum ya sayi na'ura da kuɗinsa, ta zama tasa. Amma a jikinta akwai madannin da ba zai yi aiki ba sai yana biyan kuɗin zama mamba. Shin an zalunce shi? Idan kuma ba a zalunce shi ba, me ya kamata ya sa rai da shi, me kuma bai kamata ba?

Mu fara da adalci, domin shi ake bin mu ko da a kan kamfanin da ba mu san masu shi ba. Haɗa miliyoyin mutane ta intanet ba iska ba ce. Akwai manyan kwamfutoci da ke aiki dare da rana, akwai wutar lantarki, akwai ma'aikata masu karɓar albashi. Wanda ya yi hidima ya nemi lada, ya kuma faɗi farashinsa da wa'adinsa a fili tun kafin ka saya, ban ga inda ya ci amanarka ba. Malamanmu na fiƙihu tuntuni sun raba tsakanin ciniki da haya. A ciniki ka mallaki abin da kansa. A haya kuwa amfaninsa kawai ka mallaka, zuwa wani lokaci sananne. Na'urar ciniki ce. Dandalin da ake haɗuwa a cikinsa haya ne. Matsalar tana farawa ne a lokacin da zuciya ta haɗa biyun ta ɗauke su abu ɗaya.

Kuma ba sai mun yi hasashe ba, tarihin wannan harka a buɗe yake. Kamfanin Microsoft ya buɗe Xbox Live a Nuwamba 2002, kuma tun farko da kuɗi ake shiga. Sony, masu PlayStation ɗin da aka fi sani a gidajen gem na unguwanninmu, sun bar wasa ta intanet kyauta a zamanin PlayStation 3, amma da PlayStation 4 ta fito a 2013 sai aka ce sai da biyan PlayStation Plus. Nintendo su ma shekara da shekaru kyauta suke yi. Switch ta farko ta fito a Maris 2017, mutane suka yi wajen shekara ɗaya da rabi suna wasa ba ko sisi, sannan a Satumba 2018 aka fara karɓar dala 19.99 a shekara. Ka ga salon ɗaya ne: a buɗe ƙofa, a bari ƙafa ta saba da hanya, sannan a ajiye mai karɓar kuɗi a bakin ƙofa. Duk ɗan kasuwa ya san ɗanɗano. Mai tsire ma yana yanka maka ɗan ƙarami ka taɓa. Bambancin shi ne mai tsire nama yake ɗanɗana maka, su kuwa muryar amininka suke ɗanɗana maka. Ranar da wa'adi ya cika, ba madanni za ka ji ka rasa ba, mutum za ka ji ka rasa.

Wannan shi ne wurin da ban natsu da kamfanin ba, ko da yake ban kira shi zalunci ba. Akwai abin da ya halatta amma yana buƙatar mai saye ya buɗe ido.

Sai abu na biyu, wanda ya fi na farko nauyi. Gidan haya ba biya kawai ake yi ba, wata rana ana tashin mutum. A ranar 20 ga Mayu 2014 Nintendo suka rufe hanyar wasa ta intanet ta na'urorin Wii da DS. A Afrilu 2024 suka rufe ta Wii U da 3DS. Na'urorin suna nan a hannun masu su, lafiyarsu ƙalau, amma dandalin ya tafi. Akwai wani labari da ya taɓa ni ƙwarai. A Afrilu 2010 Microsoft suka kashe Xbox Live na tsohuwar na'urarsu ta farko. Sai wasu masu wasan Halo 2 suka ƙi kashe na'urorinsu, domin sun gane muddin ba su fita ba, ba za a cire su ba. Suka bar su a kunne dare da rana. Ɗaya bayan ɗaya suka riƙa faɗuwa, wannan wuta ta ɗauke masa, wancan intanet ya yanke, har suka rage 14, har na ƙarshensu ya fita a cikin watan Mayu.

Wani zai yi dariya ya ce aikin banza. Ni ban yi dariya ba. Mutanen nan ba harbe-harben cikin allo suke riƙe da shi ba. Wurin da suka saba haɗuwa ne ake rushewa, suka tsaya a ciki har rufin ya faɗo. Abin tausayi ne ka gina zumunci a filin da ba naka ba, kuma ba ka da wani wurin da za ka kai shi idan mai fili ya zo.

Ko kafin a kai ga rufewa ma, dandalin yana iya tsayawa ba shiri. A Afrilu 2011 masu kutse suka shiga PlayStation Network, bayanan asusu kimanin miliyan 77 suka shiga haɗari, aka rufe tsarin sama da mako uku. Wanda ya ba da sunansa da adireshinsa da lambar katinsa, amana ya bayar. A nan kam mai saye yana da cikakken haƙƙin sa rai: a tsare masa sirrinsa, a ba shi abin da ya biya, kada a canza sharaɗi a ɓoye. Kuma magana tana tasiri. A 2013 Microsoft suka ce sabuwar Xbox One sai ta leƙa intanet duk awa 24 kafin a ci gaba da wasa da ita. Jama'a suka yi ca, kafin na'urar ta fito suka janye. Saboda haka ba cewa nake a yi shiru ba. Ka nemi haƙƙinka, amma ka san iyakarsa. Alkawarin da aka yi maka, ka riƙe shi da ƙarfi. Wanda zuciyarka ce ta yi maka shi, kada ka je neman cikawarsa a wurin kamfani.

Sai abu na uku, wanda babu kamfanin da zai iya sayar maka da shi. Na tambayi yaron, idan an buɗe hirar nan, wa zai kasance a ciki? Ya ce mu mana. Na ce to ashe kyawun wurin ko muninsa ku ne za ku shiga da shi. Kamfanin ya ce sai an tabbatar da lambar waya kafin a yi amfani da GameChat, kuma yaron da bai kai shekara 16 ba sai iyayensa sun amince ta manhajar da aka tanadar musu. Wannan abu ne mai kyau, iyaye su lura da shi. Amma babu manhajar da za ta hana ka zagin uwar wanda ya ci ka a wasa. Babu wadda za ta hana ka ha'inci, ko ta tashe ka idan dare ya raba alhali kana da makaranta da safe. Na sha wucewa ta gidan gem ina jin irin ashar ɗin da ke fitowa saboda ƙwallo ɗaya da aka zura a allo. To wanda ya yi haka a gaban mutane, me zai yi idan babu mai ganin fuskarsa?

Muna yawan tambayar me sabon tsarin zai ba mu. Ba mu cika tambayar me mu za mu kai cikinsa ba. Duk wanda ke ɗaya gefen mutum ne mai uwa da uba, mai zuciyar da ake iya ɓatawa. Nisan ƙasa bai sauke maka haƙƙinsa ba.

Daga ƙarshe ga abin da na faɗa wa ɗan ƙanwata. Ban hana ka ba, idan kana da hali kuma ba bashi za ka ci ba. Amma ka yi lissafi da kuɗin shekara-shekara da na data, ba da farashin na'ura kaɗai ba. Ka shiga da sanin cewa ɗan haya ne kai. Sannan na tambaye shi, yaushe rabonka da kiran aminin nan naka a waya, haka kawai ba don wasa ba? Ya yi shiru, ya sunkuyar da kai, ya ce an kwana biyu. Na ce ka ga, kana jiran watan Yuni da dala ɗari huɗu da hamsin domin ka yi abin da wayar da ke hannunka za ta yi maka yanzu. Ka kira shi. Ka gaishe da mahaifiyarsa da ke nan unguwa, ka je ka duba ta. Idan zumuncinku yana da gida nasa, to wasa ƙari ne, ranar da aka rufe dandali ba abin da ya rushe.

Kafin ya bar gidana sai da ya kira shi. Ina daga ɗaki ina jiyo dariyarsu har aka kira Magariba.

Iyaye, kada mu tsaya a kan "haram ne" ko "ƙyale su yara ne". Mu zauna mu tambaye su me suke nema a ciki. Sau da yawa za ka tarar abokin hira suke nema.

Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya haɗa su da abokai nagari, Ya sa albarka a lokacinmu da dukiyarmu. Wanda yake da gyara ko ƙarin bayani, musamman matasan da suka fi ni sanin harkar, ƙofa a buɗe take.