Ranar da Sarkin Ruwa Ya Ce Bai San Hanya Ba

A Nima akwai wani dattijo da 'yan unguwa ke kira Sarkin Ruwa, ko da yake ba wanda ya taɓa naɗa masa rawani. Kakanninsa Sarkawa ne daga Yawuri, a hannunsu ya gaji kamun kifi. Iyalinsa na Accra, kwalekwalensa kuwa na Dzemeni, a bakin tafkin Volta. Abin da ya kamo, a yi banda a aiko wa ƙanwarsa ta sayar a kasuwar Nima.

Ƙanwar tana da ɗa a Maamobi, saurayi mai zafin nema, ya gama sakandare aiki ya ƙi samuwa. Da kwasar adashinta ta zo, sai ta haɗa da 'yan kuɗin da ta ranto ta sayi injin kwalekwale, ta damƙa wa yayanta injin da yaron, ta ce, "Yaya, ga ɗanka nan, ka koya masa abin da Baba ya koya maka."

Wanda bai san tafkin Volta ba zai ɗauka fili ne na ruwa kawai. Kafin a gama madatsar Akosombo a 1965, zamanin Nkrumah, wurin daji ne da gonaki da ƙauyuka. Aka tashi mutane wajen 80,000, amma ba a sare itatuwan ba, ruwa ya haɗiye su a tsaye. Har gobe suna nan, wasu kawunansu a waje, wasu a ɓoye, suna yaga taru suna fasa jirage. Da waɗannan kututturan dattijon ke gane hanya. Yakan nuna wa yaron da baki: "Ka ga mai reshe biyun can? Bar shi a hagunka. Wancan da tsuntsaye suka ɓata da kashi, kada ka kusance shi, akwai 'yan'uwansa uku a ƙarƙashi." Yaron na da kai, nan da nan ya haddace.

Sai daminar 2023 ta zo da ƙarfinta. Kogunan arewa suka yi ta juye ruwa a tafkin, ya haura gaɓa, ya shiga gonakin rogo, ya cinye wurin da ake shanya taru. Ranar 15 ga Satumba hukumar da ke kula da kogin Volta ta fara buɗe ƙofofin madatsar Akosombo da ta Kpong don kada madatsar ta sami matsala. Cikin Oktoba aka ƙara buɗewa, ambaliya ta mamaye Mepe da Battor da Sogakope, dubban mutane suka koma kwana a makarantu, kejin masu kiwon ƙarfasa suka bi ruwa.

Dattijo ya ja kwalekwalensa tudu ya ɗaure a gindin mangwaro. Kullum da asuba sai ya naɗe wando ya shiga ciyawar da ruwa ya rufe, iyakar gwiwa, ya kafa gura biyu, ya zauna da fatsarsa da gwangwanin tana. Ƙarfasa da tarwaɗa sun bar tsakiyar tafki sun biyo sabon abinci bakin gona, yana samun na miya har da ɗan na sayarwa. Da rana kuma ya ɗinke taru.

Abin ya ishi yaron. "Kawu, ruwa ya cika, kifi ya ƙaru, mu kuma muna zaune muna wasa da ƙugiya kamar yara?"

"Ruwan ne ya ƙaru, ɗana. Kifin na nan yadda yake, sai ma maɓoya da ya samu."

"To ai kai ka san hanya."

"Da na sani. Alamomina duk sun nutse. Yau ni da kai ɗaya muke a ruwan nan, ban san shi ba."

Maganar ba ta shigi yaron ba. A ganinsa tsufa ne ya kawo tsoro, ga uwarsa na bugo waya masu bashi sun dame ta. A gaskiya ba rashin kunya ce ta tura shi ba, tausayin uwa ne, sai dai tausayi ba ya nuna wa mutum inda kututture yake.

Ana kiran assalatu ya kwance kwalekwalen, shi da wani abokinsa. Suka shimfiɗa taru inda suka saba, da suka zo ja ya ƙi tasowa, ya naɗe a rassan da ba sa gani. Suka yanke abin da ya yanku. A hanyar komowa ya ba injin wuta, yana ta waige-waigen mai reshe biyu. Mai reshe biyu na ƙarƙashinsu. Ƙara ɗaya aka ji, katakon gindi ya tsage, injin ya ɓalle ya tafi ƙasa.

Wani masunci ɗan ƙabilar Ewe da ke tuƙa ƙaramin jirginsa da filafili ya jiyo ihunsu, ya tsamo su suna rungume da jarka. Mutumin Mepe ne, a ranar ma gidan iyayensa na cikin ruwa har taga. Ko godiya bai tsaya karɓa ba.

Yaron ya iso jiƙe sharkaf, yana jiran faɗa. Kawun ya dube shi, ya ce alhamdu lillahi, ya miƙa masa zane ya yafa, sannan ya tura masa allurar ɗinkin taru.

"Kawu, ka yafe mini."

"Na yafe. Uwarka za ka kira, da bakinka za ka gaya mata."

Ƙarshen Oktoba aka rufe ƙofofin madatsar. Da iskar hunturu ta kama, ruwa ya fara ja da baya, kawunan kututture suka sake bayyana ɗaya bayan ɗaya. Dattijon bai yarda da tsohon saninsa ba. Da gora suka riƙa fita suna dungurar ƙasa, suna ƙirga alamomin daga farko, don wasu sun karye wasu sun kwanta. Kifi ya dawo tsakiya, ya yi ƙiba, taru ya riƙa cika.

Kwalekwalen ya gyaru, da filafili suke tuƙa shi yanzu. Kuɗin injin kuwa yaron ne ke biya, duk ranar kasuwa yana tura wa uwarsa 'yan sidi ta waya.