Hukuncin Son Tsohon Babur

Duk wanda ya saba bin hanyar da ta haɗa Birnin Kebbi da Argungu, ko ya tsaya bakin kasuwa ranar cinta yana kallon masu shige da fice, ya san cewa babur ya gaji jaki da doki a ƙasar Kabi, domin shi ke ɗaukar manomi zuwa fadama, shi ke kai buhun shinkafa wurin casa, shi ne kuma abin neman abincin dubban 'yan kabu-kabu. Galibinsu sababbi ne, ƙirar Sin da Indiya, waɗanda ake saye a yi ta gurza har su gaji a watsar. Amma jefi-jefi, a cikin wannan cincirindo, sai ka hangi wani dattijo bisa tsohuwar Vespa ko tsohuwar Honda wadda ta girmi 'ya'yansa na fari, fentinta ya koɗe amma babu ɗigon datti a jikinta, yana tafe a natse, matasa suna wuce shi fuu, shi kuwa ko a jikinsa. Mutane sun rabu a kan irin wannan bawan Allah: wasu na cewa rowa ce ta hana shi sayen sabo, wasu na cewa lagawu ne da son duniya a ce mai furfura ya ɓata yininsa yana shafar ƙarfe. Ni kuwa ina ganin mas'alar ta cancanci a zauna mata da idon basira, tun da ta taɓa abubuwan da malamai suka daɗe suna magana a kai, wato zuhudu, da godiyar ni'ima, da kiyaye dukiya.

Ya kamata mu fara da sanin inda waɗannan babura suka fito. A shekarar 1974 ne hukumar Udoji ta ba da shawarar ƙarin albashi ga ma'aikatan gwamnati, da aka biya su kuɗin a dunƙule kuwa, sai malaman makaranta da malaman gona da na asibiti da akawuna, waɗanda a da keke ne iyakar burinsu, suka shiga sayen babura.  Vespa, wadda kamfanin Piaggio na Italiya ya fara ƙerawa a 1946, ta sami karɓuwa ta musamman wurin malamai da 'yan kasuwa, saboda injinta a rufe yake, babu sarƙa a waje da za ta kama gefen babbar riga ko ta ɓata ta da baƙin mai, mutum kuma yana zama ƙafafunsa a haɗe cikin mutunci. Masu ratsa daji da yashi kuwa suka fi karkata ga Honda da Suzuki da Yamaha na Japan. Da darajar naira ta faɗi daga 1986, sabon babur ya gagari talaka, sai da na Sin masu araha suka cika kasuwa daga baya. Saboda haka babur ɗin da ya tsira daga wancan zamani har yau yana tafiya da ƙafarsa ya kai shekara 40 ko 50, kuma ba zai kai ba sai da hannun da bai gaji da shi ba.

Masu suka suna da hujja, kuma ba hujja ce da za a ture da bayan hannu ba, balle a ƙasar da Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya rayu ya kwanta dama. Shi ne ya ci Birnin Kebbi a 1805, amma wajen 1807, da ya ga son duniya ya fara shiga zukatan wasu daga cikin jama'ar jihadi, sai ya bar rundunar ya nufi gabas, har Kanawa suka tsayar da shi ya rubuta musu Diya'ul Hukkami. Kuma cikin abubuwan da ya zargi waɗancan 'yan jihadi da su har da tara dawaki don ado da sukuwa a cikin gari. Abin hawa, ke nan, tsohuwar ƙofa ce ta fitina. Alƙur'ani ma, a cikin Suratu Sad, ya ba da labarin Annabi Sulaimanu, alaihis salamu, da dawakin da aka gitta masa da maraice, kuma da yawa daga malaman tafsiri sun tafi a kan cewa sun shagaltar da shi daga ambaton Ubangijinsa har rana ta faɗi. Idan doki, mai rai da numfashi, zai iya yin haka ga annabi, ina ga ƙarfe da roba a hannun ni da kai? Wanda ya san masu wannan sha'awa ya san yadda ɗayansu zai aika Sakkwato ko Kano neman wani ɗan ƙarfe da aka daina ƙerawa, ya kwana yana tunaninsa, ya tashi da zancensa. Mai suka yana cewa zuciyar da ta cika da wannan, ina za ta sami gurbin tuna kabari?

To, amma hukunci a wurin fuƙaha'u yana bin illa ne, kuma asalin abubuwan amfani halacci ne har sai dalili ya zo da hani. Allah Maɗaukakin Sarki, a Suratun Nahli, da ya ambaci dawaki da alfadarai da jakuna, ya ce ya halitta su domin hawa da kuma ado, sa'an nan ya ƙara da cewa yana halittar abin da mutane ba su sani ba, wanda malaman zamani da dama suka ga ishara ce ga abubuwan hawan da suka zo daga baya. An ambaci ado a wurin a matsayin baiwa, babu zargi a tare da shi. Hadisin da Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa, Buhari da Muslim ma suka ruwaito, ya kasa masu dawaki gida uku: wanda dokinsa lada ne gare shi saboda ya ɗaure shi don Allah, da wanda dokinsa sutura ce saboda ya riƙe shi don wadatuwa da kame kai daga roƙo bai kuma manta haƙƙin Allah a cikinsa ba, da wanda dokinsa zunubi ne saboda ya ɗaure shi don alfahari da riya da gaba. Doki ɗaya ne, ciyawa ɗaya, turke ɗaya; niyyar mai shi ce ta raba hukuncin. Ƙiyasin babur a kan doki a nan ƙiyasi ne bayyananne, kuma na tabbata mafi yawan dattawan da muke magana a kansu suna cikin kaso na tsakiya.

Akwai ma abin da ya wuce halacci. Ya tabbata cewa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallama, yana ɗinke takalminsa da hannunsa, yana yi wa tufarsa maho, kuma Anas ya ba da labarin ƙoƙon Annabi da ya tsage aka ɗaure tsagin da azurfa aka ci gaba da sha da shi. Abubuwan hawansa suna da sunaye, taguwarsa Ƙaswa'u, alfadararsa Duldul, wanda ke nuna sabo da kulawa. Ya kuma sanar da mu cewa Allah yana ƙin tozarta dukiya. To, in an ɗora mutum biyu a ma'auni, ɗaya ya riƙe babur guda shekara 40, ɗayan kuwa ya kashe biyar a cikin shekara 15 saboda ba ya juye baƙin mai sai inji ya fara kuka, ba ya ɗaure sarƙa sai ta tsinke, yana ɗora wa abin da aka yi don mutum biyu mutum huɗu da buhu, wane ne almubazzari a cikinsu? Mun saba ɗaukar israfi a kan mai kashe kuɗi wurin biki kaɗai, mun manta da israfin sakaci, alhali shi ne ya fi cin dukiyar talaka a ƙasar nan. Wannan hali kuwa har masu ƙira sun san da shi: da injiniyoyin Honda suka zagaya ƙasashe masu tasowa suka ga yadda jama'a ke barin mai ya ƙone a inji, sai suka fito da CG125 a 1975, mai sauƙin inji, musamman don ya jure rashin kula.

Wanda bai taɓa zama kusa da mai tsohon babur ba, ba zai gane irin tarbiyyar da ke cikin hidimarsa ba. Mai Vespa ta dā sai ya auna baƙin mai ya gauraya da fetur duk lokacin da zai sha mai, in ya rage inji ya ƙone, in ya yawaita fulogi ya toshe da baƙi. Ƙurar hunturu tana shiga kafireta sai an kwance an wanke. Laka da ruwan damina a hanyoyin fadama suna cin ƙarfe sai an goge an shafa mai. Wayar kuloci da ta birki kuwa sai an riƙa dubawa tun ba su tsinke a tsakiyar daji ba. Ba a yi wa irin wannan aiki gaggawa, ba a kuma yi masa ha'inci, domin kusoshin da ka ɗaure da algus su za su kwance maka tsakanin Argungu da gida. Mutum yana koyon saurare, har ya gane ciwon inji daga sautinsa. Yana koyon haƙuri da kyautata aiki, wanda shari'a ta yaba. Yana kuma koyon ƙana'a, wato wadatuwa da abin da ke hannu a zamanin da kasuwa ke kiran kowa ya raina nasa. Sau da yawa za ka ji yaron gareji ya ce, "Baba, don Allah ka rabu da wannan ka huta," dattijon ya amsa, "Yaro, me ta yi mini da zan rabu da ita?" A ganina wannan amsa ta fi kusa da zuhudu fiye da halin mai canza abin hawa duk shekara, domin Imamu Gazali da sauran malaman tarbiyya sun bayyana cewa ma'aunin zuhudu shi ne halin zuciya game da abin duniya, kuma zuciyar da ba ta hangen na wani ta sami rabo babba daga gare shi.

Har wucewar da matasa ke yi wa dattijon a hanya tana da asali a sunna. Buhari ya ruwaito cewa Annabi yana da taguwa mai suna Adba'u wadda ba a taɓa tsere mata ba, sai wani baƙauye ya zo da ɗan raƙuminsa ya wuce ta, abin ya yi wa sahabbai ciwo, shi kuwa ya sanar da su cewa babu abin da zai ɗaukaka a duniya face Allah ya saukar da shi. Babur ɗin da yara suka bi da gudu suna kallo a 1976, yau shi ake yi wa ham a kauce. Mai shi yana karanta wannan darasi kullum in ya hau. Kuma in an ce ai an canza wa babur ɗin fistin da tayoyi da kujera har babu sauran na asali, sai mu ce tsohuwar fadar Argungu, wadda aka mai da gidan tarihin Kanta a 1958, ginin ƙasa ce da ba ta tsaya ba sai da yaɓe bayan yaɓe, ba a kuwa taɓa cewa ta zama wata fadar ba.

Sai dai halaccin yana da iyaka, kuma wajibi ne a faɗe ta ba tare da sassauci ba. Ciyar da iyali farilla ce, biyan bashi farilla ne, fentin babur kuwa iyakarsa mubahi. Wanda ya sayi madubi da fitila alhali babu hatsi a gidansa, ko ɗansa na kwance babu magani, ya saɓa, kome kyawun niyyarsa. Wanda ladan ya kira salla hannunsa na cikin inji ya ce bari in ƙarasa, har lokaci ya fita, ya faɗa cikin abin da masu suka ke tsoro. A Turai da Amurka ana gwanjon tsofaffin babura irin su Triumph da Norton da BSA da kuɗi masu yawa, in kuwa wannan ɗabi'a ta iso mu, to a sani abin hawan da mutum ke amfani da shi babu zakka a kansa, amma wanda aka saya da niyyar kasuwanci ya zama haja, kuma a mazhabar Malikiyya mai ajiye haja yana jiran tsada zai fitar da zakkar shekara guda ranar da ya sayar, in kuɗin sun kai nisabi. Sa'an nan ga haƙƙin hanya, wanda na fi jin tsoronsa a kan kowa. Birkin dā bai kai na yau kamawa ba, fitilarsa ba ta da ƙarfi, wasu kuma hayaƙinsu na cutar da na baya. Shari'a ta hana cuta da cutarwa, saboda haka hawa babur marar birki cikin kasuwa haramun ne, tsoho ne ko sabo, haka nan gangancin da samari ke yi da babura wurin rakiyar amarya, wanda ya sha mai da gidan biki gidan makoki. Hular kwano ma ba ta rage wa rawani daraja.

Hukuncin da na tsaya a kai shi ne, riƙon tsohon babur da gyaransa da jin daɗin hawansa halal ne, yana kuma zama abin lada ga wanda ya yi shi da niyyar godiya da kiyaye dukiya, matuƙar bai tauye salla ko iyali ko mai tafiya a hanya ba. Ina roƙon tsofaffin makanikai na Birnin Kebbi da Argungu, waɗanda suka san cikin waɗannan injuna, su koya wa yaransu gyara tun suna da ƙarfi, kada a bar su da cire tsoho a sa sabo kawai. Kai kuma mai karatu, in akwai irin wannan babur jingine a zauren gidanku, kada ka yi saurin miƙa shi ga masu sayen ƙarfe a kan kilo. In ya shiga gado a raba shi bisa ƙa'ida, wanda ya faɗo wa ya kai shi wurin mai gyara, ya fara da birki.