LINZAMIN JARIRI: WAYE KE DA IKON SA MASA ASKA?

Bismillahir Rahmanir Rahim.

'Yan uwa, akwai wata 'yar siririyar fata a ƙarƙashin harshen kowannenmu da ta haɗa shi da ƙasan baki. Wani jaririn ana haifarsa tasa ta yi gajarta ko ta yi kauri, ta riƙe harshen ba ya iya miƙewa ko ɗagawa sosai. Shi ne muke cewa yaro yana da linzami.

A nan mutanenmu suka rabu biyu. Wasu su ce haka Allah Ya halicce shi, taɓawa shisshigi ne. Wasu kuma da yaro ya yi kuka ko ya yi jinkirin magana, sai a ce a kira wanzami. Duk su biyun sun manta abu guda: jikin yaron nan ba mallakarmu ba ne, amana ce. Ba zai iya cewa e ko a'a ba, kuma mu za a tambaya.

Ga masu cewa a bar wa Allah: a cikin Suratu Ɗaha, Annabi Musa (AS) ya roƙi Allah Ya warware masa ƙullin da ke harshensa domin mutane su fahimce shi. Ba muna cewa linzami ne da shi ba. Darasin shi ne, Annabi guda bai ɗauki neman waraka a matsayin raina ƙaddara ba. Kuma Manzon Allah (SAW) ya umarci mai raƙumi ya ɗaure shi tukuna sannan ya yi tawakkali. To jaririn da ba ya iya kama nono da kyau, yana kamawa yana saki, ya daɗe yana tsotso bai ƙoshi ba, nauyinsa ba ya ƙaruwa, uwa kuma kan nononta ya tsattsage tana shayarwa tana hawaye, a ce mata ta yi haƙuri kawai? Wannan sakaci ne aka sa masa rigar tawakkali.

Ga masu gaggawar aska kuma: jarirai da yawa masu linzami suna shan nono lafiya lau, ba sa buƙatar yanka ko kaɗan. Sau da yawa matsalar daga yadda ake riƙe yaron a nono ne, ungozoma ko nas ta gyara shi ke nan. Har a Amurka, a 2024 ƙungiyar likitocin yara ta ƙasar ta yi gargaɗi cewa ana yawaita wannan yanka ba tare da buƙata ba. Sannan linzami yana iya hana wasu haruffa fita daidai, amma ba shi ke hana yaro fara magana ba. Ɗan shekara 2 da ba ya cewa komai, a fara duba jinsa. Kar a zubar masa da jini alhali matsalar a kunne take.

In likita ya duba ya ga lallai sai an yanke, aiki ne ɗan ƙarami: almakashin da aka tsabtace, ɗigon jini kaɗan, a mayar da yaro kan nono nan take. Amma ƙanƙantar aikin kar ta ruɗe mu. Ƙarƙashin harshe akwai jijiyoyin jini da hanyoyin yawu, kuma sabon jariri jininsa ba ya saurin tsayawa, shi ya sa ake masa allurar bitamin K a asibiti. Askar da ta taɓa wani yaron kuwa tana iya ɗauko ciwon hanta ko ƙanjamau.

Ba raina wanzamai muke ba, sana'a ce mai tarihi. Sai dai ya zo a hadisin Abu Dawud cewa wanda ya yi wa mutane magani alhali ba a san shi da ilimin abin ba, shi ke da alhakin ɓarnar da ta biyo baya. Uban da ya miƙa ɗansa ba tare da bincike ba, shi ma ya tanadi amsarsa.

Maigida, kar ka bar wannan hukunci a hannun surutun ranar suna. In Hajiya ta matsa, ka ce mata cikin ladabi: "Hajiya, bari a kai shi a duba tukuna." Biyayya ga iyaye ba ta halatta cutar da jika.

Yaron da ya girma harshensa na sarƙewa kuwa, a daina kwaikwayonsa ana dariya. Wanda ya yi wa Annabi Musa gorin magana, Fir'auna ne.

Allah Ya raya mana zuri'a, Ya ba mu ikon riƙe amanarsu. Wallahu a'alam.