Kalmar "Fellow": Wa Ya Cancanci Ya Kira Ka Ɗan'uwa?

A wannan ɗan taƙaitaccen rubutu ina so in jawo hankalin 'yan'uwana ɗalibai da malamanmu zuwa ga wata kalma ta Ingilishi wadda kunnenmu ya saba da ita, wato "fellow". Idan aka ce mu fassara ta, wani zai ce aboki, wani ya ce ɗan'uwa, wani kuwa ya ce tsara ko sa'a, kuma duk ba su yi kuskure ba. To amma abin tambaya shi ne, me mutum zai yi kafin ya cancanci kiran wani da wannan suna?

Bari mu fara da asali. Ingilishi ya aro kalmar ne daga harshen mutanen arewacin Turai, kakannin mutanen Denmak da Norwe, waɗanda suka mamaye wasu sassan Ingila a ƙarni na 9 da na 10. A bakinsu "felagi" ake cewa, kuma kalmomi biyu ne aka haɗa: ta farko tana nufin dukiya ko dabbobi, ta biyu tana nufin ajiyewa. Ke nan felagi shi ne wanda ya ajiye dukiyarsa tare da taka, kamar mutum biyu su haɗa kuɗi su yi jirgin ruwa su tafi fatauci. In an ci riba a raba, in jirgi ya nutse a yi kuka tare. Har yau a Denmak akwai duwatsun da wasu suka kafa suka yi rubutu a kansu don tunawa da irin waɗannan abokan nasu da suka mutu. Bahaushen da ya san adashi da gayya ba ya bukatar dogon bayani a nan: sai wanda ya zuba yake kwasa.

Da tafiya ta yi nisa sai kalmar ta rabu biyu. Wani reshe ya yi sama. A jami'o'in Okusfod da Kambirij, "fellow" shi ne malamin da yake cikin masu mulkin kwaleji, yana cin abinci a teburi ɗaya da sauran, a da ma har yana da rabo a kuɗin shigar kwalejin. Haka nan ƙungiyar masana kimiyya ta Royal Society, wadda aka kafa a Landan a 1660, da wannan suna take kiran 'yan cikinta. Ɗaya reshen kuwa ya yi ƙasa, har ya zama attajiri yana kiran bara ko talaka da shi cikin raini, kamar dai a ce "kai wannan".

Kada mu yi mamaki, domin haka ta faru ga tamu kalmar. Aboki suna ne mai daraja a Hausa, amma a Ikko da sauran biranen kudu sau da yawa in ka ji an ce "aboki", to ana nufin mai gadi ko mai gyaran takalmi daga Arewa, kuma ba don girmamawa ake faɗa ba. A ganina dalilin faɗuwar kalmomin nan biyu ɗaya ne. Muddin na sama ya kira na ƙasa aboki alhali babu abin da suka yi tarayya a kai, to ya cire wa kalmar ɓargonta, saura ƙashi.

Inda abin ya fi shafarmu shi ne bakin masu mulki. A watan Yuli 1975 Murtala Muhammed ya buɗe jawabinsa na farko da "Fellow Nigerians", wato ya ku 'yan'uwana 'yan Nijeriya. Ranar 13 ga Fabrairu 1976, da safiyar da aka kashe shi, Laftanar Kanar Dimka ya shiga gidan rediyo ya gai da jama'a da wannan kalma dai. Ranar 31 ga Disamba 1983 ma da ita Birgediya Sani Abacha ya sanar da kifar da gwamnatin Shehu Shagari. Ashe kalmar ba ta zaɓen baki. Saboda haka aiki ya koma kan mai sauraro, shi ne zai tambaya: wannan da ya ce ni ɗan'uwansa ne, me ya ajiye tare da ni? Asibitin da nake zuwa nan yake zuwa? 'Ya'yansa suna makarantar da nawa suke? In jirgin ya nutse, yana ciki ko yana tudu?

Na san wani zai ce ai duk ɗan Adam ɗan'uwa ne, ba sai an haɗa jari ba. Gaskiya ne, ban musa ba. Sai dai wannan hujja nauyi take ƙara wa mai faɗin kalmar. Wanda ya ce da maƙwabcinsa ɗan'uwa ya yarda ke nan cewa yunwar maƙwabcin ta shafe shi. Masu iya magana sun ce zumunta a ƙafa take, ba su ce a baki ba.

Daga ƙarshe, mu ɗalibai mu duba kanmu. Lokacin zaɓen ƙungiyar ɗalibai kowane ɗan takara da "fellow students" yake fara magana, kuma cikinmu ne gobe za a sami hakimai da kwamishinoni da gwamnoni. Ina roƙon duk wanda zai ɗauki kalmar nan a bakinsa ya tuna cewa bashi ce, kuma masu bin sa su ne waɗanda ya kira da ita. Allah ya ba mu ikon biya, amin.