Ginin na Magada Ne, Cinikin fa?

A unguwarmu da ke Wara, hedikwatar ƙaramar hukumar Ngaski, akwai jerin shaguna biyar masu rufin kwano da suka girme ni. Wanda ya san masu hayarsu ya san tarihin garin. Da farko mai sayar da koma da ƙugiya ne ya kama shagon gefe, lokacin da Sarkawa ke cika jiragensu da kifin tafkin Kainji. Da kifi ya ja baya, sai tela ya gaje shi, sannan mai cajin waya. Ƙarancin takardun Naira na 2023 kuwa ya kawo mai POS. Mutum ɗaya ne bai gusa ba: wani dattijo mai kayan masarufi, wanda littafin bashinsa ya ciyar da gidaje da dama a damina.

Yanzu mai ginin ya rasu, magada sun ninka kuɗin haya, dattijon kuma ba zai iya biya ba. Shin sun zalunce shi?

Ta fuskar shari'a ba su da laifi. Gado haƙƙinsu ne, cikinsu akwai marayu, tsadar rayuwa kuma ba ta ƙyale kowa ba. Sai dai ina tambaya: me ya ɗaga darajar shagon? Siminti bai ƙaru ba, kwano ma tsatsa ya yi. Sawun jama'a ne ya ƙaru, kuma amanar dattijon ce ta jawo shi shekara da shekaru. Ke nan magada na neman sayar masa da abin da shi ya shuka.

Mu mutanen bakin Kwara mun san wannan ciwo. Da aka kammala madatsar Kainji a 1968, an tashi mutane fiye da 40,000, aka gina musu sababbin gidaje. An mayar musu da bango, amma babu ma'aunin da ya auna maƙwabtaka da sabo.

Don haka nake ganin halal ba ta kore kunya. Magada su yi ƙari, amma a zauna da dattijon, a ba shi wa'adi, a sanya shekarunsa cikin lissafi. An ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A nan ɗan haya ne ya daɗe yana tara kwarya. Takardar gini ba ta rubuta wannan ba, amma unguwa ta shaida.