Idan Mai Zikiri Ya Manta: Haƙƙin Dattijo a Gadon Asibiti

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya 'yan uwa, asalin ma'anar zikiri ita ce tunawa. To, dattijon da ya shekara arba'in bai saki wuridinsa ba safe da yamma, yau ga carbi a hannunsa ya rasa inda zai fara, yana kiran ɗansa da sunan ƙanensa da ya daɗe da rasuwa, mene ne matsayinsa a wurin Allah? Mu kuma me ya hau kanmu game da shi?

Wannan hali shi muke kira gigin tsufa, likitoci kuwa suna ce masa cutar mantuwa. Ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ne ke lalacewa a hankali, har mutum ya rasa sunaye, ya ɓata a unguwar da aka haife shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa sama da mutum miliyan 55 ke ɗauke da ita, fiye da kashi 60 cikin ɗari a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi. Nau'in da ya fi yawa shi ne wanda likitan Jamus Alois Alzheimer ya bayyana a 1906, akwai kuma wanda hawan jini da shanyewar ɓarin jiki ke haifarwa. Wani bincike da aka wallafa a 2011 ya samu kusan uku cikin ɗari na tsofaffin da aka duba a gidajensu a Zariya suna da ita. A asibiti lamarin ya fi haka yawa: a Ingila an ƙiyasta kusan gado ɗaya cikin huɗu mai wannan larura ne kwance a kansa. Dalili a fili yake, domin wanda ke manta shan magani, ya manta ci da sha, ya yawaita faɗuwa, shi ya fi saurin kwanciya.

Idan aka ɗauko tsoho daga Bande ko Dungas zuwa asibitin Magariya, ko aka wuce da shi babban asibitin Damagaram, galibi zazzaɓi ne ko karaya ko numfashi ya kawo shi. Mantuwar ba a ambatonta, don an ɗauke ta tsufa ne kawai. Sai ya farka a ɗakin da bai sani ba, cikin fuskokin da bai sani ba, ya fizge ƙarin ruwa, ya ce a kai shi gona da tsakar dare. Daga nan wani ya ce hauka ne, wani ya ce iska ce, tsohuwa kuwa har a jefe ta da maita saboda sambatun da ba ta san tana yi ba. Wa iyazu billahi.

Game da matsayinsa a wurin Allah, Alƙur'ani ya riga ya ba da labarin wannan zango a Suratun Nahli aya ta 70 da Suratul Hajji aya ta 5, inda ya nuna akwai wanda ake mayarwa mafi raunin shekaru har sanin da yake da shi ya kuɓuce masa. Malaman fiƙihu sun haɗu a kan cewa hankali sharaɗi ne na taklifi, wanda hankalinsa ya gushe an ɗauke masa alƙalami. Kuma ya inganta a hadisi cewa bawa idan ya yi rashin lafiya ana rubuta masa ladan abin da ya saba yi yana lafiya. Saboda haka a rarrabe gafala da mantuwa. Gafala ciwon zuciya ce da murid ke yaƙa da mujahada. Mantuwar tsufa ciwon jiki ne, kamar makanta, babu zargi a cikinta. Wanda ya rayu yana ambaton Ubangijinsa, Ubangijinsa ba Ya mantuwa.

Jarrabawar kuwa ta dawo kanmu. Yi wa dattijo hidima yana gane ka, yana sa maka albarka, abu ne mai daɗi ga rai. Amma ka wanke wanda ya ɗauke ka baƙo, ya zarge ka da sace masa kuɗi, nan ake gane hidimar da aka yi don Allah. Suratul Isra'i ta hana ko da kalmar ƙosawa ga iyaye, kuma lokacin tsufansu ta ambata.

A aikace, mai jinya shi ne tunanin majinyaci. Ka faɗa wa likita yaushe mantuwar ta fara da magungunan da yake sha. Idan ruɗewar ta zo farat ɗaya cikin kwana ɗaya ko biyu, a hanzarta faɗa, domin zazzaɓi, ƙarancin ruwa a jiki ko ciwon fitsari na jawo irin wannan, kuma sau da yawa tana wucewa idan an magance sanadin. Kada a ɗaure shi, kada a yi gardama da shi, kada a tona asirinsa a majalisa. A bar fuskar da ya saba da ita kusa da shi, a ba shi carbinsa da hularsa. 'Yan uwa na zawiya su raba kwanakin jinya, kada a bar wa 'ya mace guda ko suruka nauyin duka. A zauna a gefensa a yi salati da hailala a hankali. Sau da yawa harshen da ya rasa sunan 'ya'yansa yakan kama abin da ya daɗe yana maimaitawa, sai ka ga leɓɓansa suna motsi tare da naku.

Mu da ke da sauran ƙarfi, mu riƙa auna hawan jini da ciwon suga, mu kuma cika harsunanmu da abin da muke so ya rage mana ranar da saura ya tafi.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya saka wa masu jinya da alheri, Ya sa mu cika da kalmar shahada, albarkar Annabi Sallallahu Alaihi Wasallam. Amin.